Gidan Ɗan Hausa: Yadda Ake Karanta Tsohon Gida

A wannan fitowa, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta ɗauko maganar yawon buɗe ido na makaranta, musamman ziyarar gidajen tarihi. Yawancinmu idan aka ce za a je irin wannan wuri, abin da ke faɗo mana a rai shi ne shiga mota, da hira a hanya, da ɗaukar hoto a bakin ƙofa. In an dawo aka tambayi mutum me ya gano, sai ya ce, "Wani tsohon gini ne na ƙasa, irin na kakanninmu." Shi ke nan, an kashe kuɗin mota an dawo da gajiya.

Alhali tsohon gida karanta shi ake yi kamar littafi. Bangonsa na da abin faɗi, haka kayan da ke cikinsa, haka itatuwan da ke harabarsa. Za mu ɗauki gida ɗaya, Gidan Ɗan Hausa da ke Kano, mu nuna yadda ake wannan karatu. Wanda ya iya shi a can zai iya shi a nan Batsari da Safana, inda muka fi bukatarsa.

Gidan zama da ya koma na jama'a

A ƙasashe da yawa akwai al'adar mayar da gidan wani fitaccen mutum wurin da kowa zai iya shiga ya gani. A kudancin Faransa, a gaɓar Bahar Rum kusa da birnin Nis, akwai wani gida da ake kira Villa Ephrussi de Rothschild. Wata attajira ce, Béatrice Ephrussi de Rothschild, ta gina shi, aka kammala a 1912. Ta cika shi da zane-zane da kayan tangaran da kujerun da, ta kewaye shi da lambuna, waɗanda a yau suka kai tara, kowanne da irin tsarinsa. Da ta rasu a 1934, sai gidan da duk abin da ke ciki ya koma hannun cibiyar masana zane ta Faransa, bisa wasiyyar da ta bari. Har yau mutane na biyan kuɗi su shiga.

Mu ba mu da teku, amma muna da gidaje irin wannan. A shekarun da ake ginin wancan gida na Faransa, a unguwar Nasarawa ta Kano wani Bature yana zaune a wani gidan ƙasa, yana koyar da boko. Wannan gida shi ne Gidan Ɗan Hausa. A yanzu yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, kuma ɗalibai daga wurare daban-daban na zuwa ganinsa. Abubuwa uku ake dubawa a can Faransa, su ne kuma ake dubawa a Kano: ginin, da kayan da aka tara, da filin da ke kewaye.

Wane ne Ɗan Hausa?

Kafin a taka ƙofar gidan tarihi, ya kamata a san mai gidan. Sunansa na yanka Hanns Vischer. An haife shi a 1876 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Ya fara shigowa ƙasar nan tare da 'yan mishan, daga baya ya bar wannan aiki, ya zama ɗan ƙasar Ingila a 1903, ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi Barno. A 1906 ya ƙetare Hamadar Sahara da ayarin raƙuma daga Tarabulus zuwa Tafkin Cadi, ya rubuta labarin tafiyar a littafin da ya fito a 1910. Jin Hausarsa ne ya sa mutane suka laƙaba masa suna Ɗan Hausa.

A 1909 ya buɗe makarantar gwamnati ta boko a Nasarawa. Akwai ajin malamai waɗanda suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, akwai na 'ya'yan sarakuna, akwai na ƙananan yara, akwai kuma sashen koyon sana'o'in hannu. Da Hausa ake koyarwa. A 1912 ya fitar da ɗan littafin ƙa'idojin rubutun Hausa da haruffan boko. Ba shi ne ya fara rubuta Hausa da waɗannan haruffa ba, domin tun ƙarni na 19 wasu Turawa irin su Schön sun yi, kuma malamanmu sun daɗe suna rubutu da ajami. Amma ƙa'idojinsa ne makarantun gwamnati suka bi. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun zo daga baya, a shekarun 1930. Ya rasu a 1945. Ke nan rubutun da kuke karantawa a jikin wannan bango yana da alaƙa da wancan gida.

A fara da bango

Kada ku yi hanzarin shiga. Ku tsaya daga nesa ku ƙare wa ginin kallo. Ginin Hausa na asali da tubali ake yin sa, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda aka shanya a rana. Ana jera shi sahu-sahu ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yakan yi kauri a ƙasa, ya riƙa sirancewa yana hawa, don gindin ya iya ɗaukar nauyin abin da ke bisansa. Ku lura da zankwayen da ke kan kusurwoyi, da indararon da ke fitar da ruwan rufi nesa da bango. Indararo ba ado ba ne. In ya toshe ko ya karye, ruwa zai bi jikin bango ya cinye shi.

In kun shiga, ku ɗaga kai. Rufin soro da azara ake yin sa, wadda ake tsagawa daga gangar giginya. Magina sun zaɓe ta ne saboda ƙarfinta, kuma gara ba ta cin ta da sauƙi. Sai dai azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta kai mita biyu ko fiye. To, yaya aka yi ake samun manyan zaure masu faɗi? Dabarar ita ce baka. Ana dasa azara a cikin bango ta leƙo waje, a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, a ɗaure da igiya, a yi haka daga ɓangarori biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. Inda bakuna suka gicciya juna a tsakiyar ɗaki kuma, ana kiran sa ɗaurin guga. Da irin wannan ilimi Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Sai maganar sanyi. Da tsakar rana ɗakin soro ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano sanyi, kuma dalilin yana cikin darasinmu na kimiyya. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki yamma ta yi. Da dare kuma sai ya riƙa sakin ɗumin da ya tara, abin da ke da amfani lokacin hunturu. Kwano kuwa nan take yake ɗaukar zafi ya watsa shi cikin ɗaki.

Abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. Don haka magina suka samo makuba, wadda ake haɗawa daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake yi da katsin marina da gashin jima da dafara. Ana shafe rufi da bango da su don ruwa ya zame. Duk da haka, sai an riƙa yin yaɓe kafin damina. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta: gidan ƙasa yana rayuwa ne muddin akwai mai kula da shi.

Wani aikin da za ku ba kanku a Gidan Ɗan Hausa shi ne rarrabewa. Maginan Kano ne suka yi aikin, da kayan Kano, amma Bature ne ya zauna a ciki. Ku duba ƙofofi da tagogi da yadda aka jera ɗakuna, ku kwatanta da gidanku, inda ake shiga ta zaure, a wuce shigifa, kafin a kai cikin gida. Me ya yi daidai da namu? Me aka sauya don bukatar baƙo?

Kayan da aka tara

A gidajen tarihi irin wannan za ku ga tsofaffin hotuna da kayan sana'o'in gargajiya: aikin saƙa, da jima, da ƙira, da sassaƙa, da kayan kiɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bi su da gudu ana cewa, "Ai muna da irin wannan a gida." Gara mutum ya tsaya a gaban abu biyar ya fahimce su, da ya wuce ta gaban ɗari.

Ga tambayoyi uku da za a yi wa kowane abu. Da me aka yi shi, kuma daga ina kayan suka fito? Wa ya yi amfani da shi, a wane lokaci? Me ya maye gurbinsa yau?

Mu gwada da akushi. Itace ne aka sassaƙa, aka baƙanta shi da wuta. A cikinsa ake zuba wa maigida tuwo, kuma yana riƙe ɗumi. Kwanon sha da na tangaran da samira suka ture shi, yanzu kuma kula da roba sun ture su. Daga akushi ɗaya mun shiga maganar itatuwan daji, da sana'ar masassaƙa, da shigowar kayan kanti. Haka shuɗin zane zai kai ku ga shukar baba, da marina, da fataucin da ya riƙa kai turkuɗin Kano har cikin Sahara. Hoto ma haka: ku duba tufafin mutane, da wanda ke zaune, da wanda ke tsaye a baya, ku tambayi wanda ya riƙe kyamarar.

In lokaci ya ba da dama, a cikin birnin Kano akwai Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ganin gidajen biyu a rana ɗaya yana sa a gane bambancin gidan sarauta da gidan ma'aikacin gwamnati.

Itatuwan haraba

Masu ziyarar wancan gida na Faransa sukan ɗauki lokaci mai tsawo a lambunan, kamar yadda suke ɗauka a cikin ɗakuna. Mu kuwa inuwa kawai muke nema mu ci guzuri. Amma itace ma shaida ne. Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya, asalinsa daga yankin Indiya ne, kuma a zamanin Turawa aka yaɗa shi a ƙasar nan. Mangwaro ma daga can nahiyar Asiya ya fito. Kuka da ɗorawa da gawo da kanya da giginya kuwa namu ne tun fil azal. Saboda haka idan kuka ga jerin bedi a miƙe a bakin hanya, kun ga hannun hukuma. Idan kuka ga tarin manyan kukoki a fili, sau da yawa alama ce ta kufai, wato an taɓa yin gari a wurin.

Ku zagaya harabar da littafinku. Ku rubuta sunan kowane itace da kuka gane, ku raba su gida biyu, na gida da baƙi. Ku lura da gefen da inuwa ke faɗawa da hantsi da kuma la'asar. Sannan ku tuna cewa giginya da ɗorawa da kuke gani a gonakinmu su ne azara da makubar da ke jikin ginin. In itatuwan suka ƙare, sana'ar ginin ma ta tafi.

Abin da sai an tambaya

Gidan tarihi yakan ɗauki sunan mutum ɗaya, amma hannaye da yawa ne suka tayar da shi. Akwai maginan da suka ɗaura bakunan, da waɗanda suka kwaɓa ƙasa, da masu ɗebo ruwa. Ɗalibi mai hankali zai tambayi jagora labarinsu.

Haka kuma bai kamata kyan ginin ya mantar da mu zamanin da aka zauna a cikinsa ba. Turawan Ingila sun ci Kano da yaƙi a watan Fabrairu na 1903, shekara shida kacal kafin a buɗe makarantar Nasarawa. Gwamnatin mulkin mallaka na bukatar malaman ofis da masu rubuta haraji, kuma makarantar ta taimaka wajen samar da su. Fifita boko a harkar mulki ya rage wa ajami matsayi a ofisoshi. A ɗaya ɓangaren kuma, wannan hanya ce ta kai ga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga nan ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Duka ɓangarorin biyu gaskiya ne, kuma mai karanta gida da kyau yana riƙe su tare.

Tsohon ginin waccan kwaleji yana nan a cikin birnin Katsina, shi ma na ƙasa ne, kuma yanzu gidan tarihi ne na ƙasa. Gare mu shi ya fi kusa. Duk abin da muka faɗa game da bango da kaya da itatuwa zai yi aiki a can, ga kuma Hasumiyar Gobarau a cikin gari ɗaya.

Shirin tafiya

Daga Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne. Kowa kuma ya san halin da hanyoyin yankinmu ke ciki. Don haka yanke shawarar tafiya na hannun shugaban makaranta da iyayenmu, su ne za su duba lokaci da hanya. Kada wani ya shirya tafiya a ɓoye da sunan ƙungiya.

In an amince, ga abin da muke ba da shawara. A aika wa hukumar gidan takarda tun da wuri, a tambayi ranakun buɗewa da kuɗin shiga. A tashi da safe, a dawo da sauran rana. A raba ɗalibai rukuni uku, na gini, na kaya, na itatuwa, kowane rukuni ya dawo da rahoton shafi ɗaya. A tabbata an tafi da ɗalibai mata da malama mai rakiya, domin da yawa daga cikin kayan da ke irin waɗannan gidaje na ɗakin mata ne, su suka fi sanin sunayensu. Kada a taɓa kayan da aka ajiye, don gumi da maiƙon hannu na lalata fata da takarda da zane. A nemi izini kafin ɗaukar hoto. Kada a jingina da bango ko a rubuta suna a jikinsa. A gaida jagora, a saurare shi, a yi masa godiya.

Namu na gida

Yanzu mu dawo kan maganar da muka ce ku riƙe. Gidan Ɗan Hausa yana tsaye ne saboda akwai hukumar da ke yaɓe shi. Tsofaffin zaurukan Ruma da Wagini da Runka da Zakka da Babban Duhu ba su da wata hukuma sai masu gidan. A cikinmu akwai waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukan bakin Dajin Rugu saboda 'yan bindiga, suka dawo cikin gari. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Gidan ƙasar da aka rufe aka tafi, babu mai gyara indararo, babu mai yaɓe, damina kaɗan ke mayar da shi tudu. Wanda ya tsira da ransa ba ya tsayawa ɗaukar akushi ko jeren ƙorai. A cikin gari ma, kullum ana rushe soro ana kafa bulo, tsofaffin magina na ƙarewa, yaran da ke bin su kaɗan ne.

Ba mu da ikon hana wannan duka. Amma muna da biro da takarda, kuma tsofaffinmu na nan kusa da mu. Don haka ƙungiya ta ware gefe ɗaya na wannan bango don abin da muka kira Gidan Tarihin Aji. Kowane ɗalibi ya samu dattijo ko dattijuwa a gidansu ko unguwarsu, ya zauna da ladabi ya yi tambaya. Wa ya gina zauren gidanmu? Daga ina aka samo azarar? Wane tsohon abu ne ya fi daɗewa a gidan nan, kuma wa ya fara mallakarsa? Waɗanne itatuwa ne ke bakin garin da, waɗanda yanzu babu su? Wanda gidansu ke ƙauyen da aka baro, ya roƙi Inna ko Baba ko Kaka su kwatanta masa tsarin gidan, ya zana taswirarsa: ga zaure, ga rumbu, ga turke, ga rijiya.

Sharuɗɗa uku ne. Ba a zuwa ƙauyen da aka tashi don wannan aiki, ko da kusa ne. Ba a ɗauko kayan gida a kawo makaranta, zane ko bayani ya isa. Ba a rubuta sunan kowa ko inda ake ajiye wani abu mai daraja sai da yardar masu shi.

A miƙa rubutun ga wakilin ƙungiya na kowane aji kafin fitowa ta gaba. Za mu liƙa waɗanda suka fi tsari a nan, sauran kuma mu ɗinke su wuri ɗaya mu ajiye a ɗakin karatu, don 'yan aji ɗaya masu zuwa su samu abin dubawa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.